Hayaƙina Ba Ya Cin Ƙwallo

Ku samarin da kuke zuwa mini da hoton murhun gas a cikin waya, kuna cewa, "Baba Garba, mu ma za mu fara tsire a wurin kallon ƙwallo, ai ba wuya, nama ne da wuta," to ku zauna ku ji. Ban yi boko mai zurfi ba, tun ina ƙarami na bar lakwal, wato makaranta, a garinmu Madawa, don haka ba maganar littafi zan kawo muku ba. Abin da hannuna ya taɓa zan faɗa, har da inda na yi ba daidai ba. Mai tsiren da ya ce bai taɓa ƙona nama ba, bai taɓa hura wuta ba.

Aikina na farko a sana'ar nan wuƙa ce, wuta sai daga baya. A lokacin ina ɗaukar kaya a wani sito a bakin garin Greensboro na ƙasar Amurkawa, ranar Lahadi kaɗai nake da ita. Akwai wani dattijo, Alhaji Bawa, mahauci ɗan mahauta daga garin Tawa, shi ke yanka wa Musulmin Greensboro dabbobi a wata gona a McLeansville. Ni kuwa gidanmu maɗinka ne kaka da kakanni. Da na ce masa ina so in koya, ya juya tafin hannuna ya duba, ya ce, "Wannan hannun allura ne." Duk da haka ya ajiye mini cinyar saniya a kan katako, ya ba ni wuƙa, ya koma gefe. Na yanka, na yanka, ina jin na iya. Ya zo ya ɗaga yanki ɗaya da yatsa biyu, ya ce, "Garba, tsire za ka yi ko takalmi?" Wajensa na koyi cewa nama yana da hanyarsa, kuma ba bin hanyar ake yi ba, gicciye ta ake yi. Na koyi zare jijiya ba tare da asarar tsoka ba, na koyi inda ake sa kitse a jikin tsinke don ya narke ya jiƙa na ƙasa da shi. Kaka guda na yi ina yanka kafin ya bar ni na kusanci garwashi.

Yaji ma ya sha ni. A gida ƙuli-ƙuli a bakin kowace kasuwa yake, a nan kuwa babu. Sai wayo ya kama ni, na sayi man gyaɗar nan da ake shafa wa burodi, na kwaɓa da barkono na shafe nama. Ashe akwai sukari a ciki. Kafin cikin naman ya ji wuta, bayansa ya yi baƙi ƙirin. Matar Alhaji ce ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake soya gyaɗa, a niƙa, a matse mai da ruwan zafi, a soya tunkuza har ta bushe, sannan a daka da citta da masoro da kanumfari. Duk daren Juma'a gidana warin gyaɗa yake yi har yarana suna ƙorafi da Turanci.

Murhuna rabin durom ne, wani tsohon Bature mai walda a Pleasant Garden ya tsaga mini shi a tsaye, ya yi masa ƙafafu da murfi. Gawayi kuma na itace, ba wancan mai kusurwa huɗu da ke warin fetur ba. Tsinke sai ya kwana a ruwa. Sannan ga ma'aikatan lafiya: takardar izini, safar hannu, kula mai ƙanƙara, ma'aunin zafin da ake soka wa nama. Na yi ta ƙunƙuni a kansu, amma gaskiyarsu ce. Kuma a ƙasar nan akwai mutanen da gyaɗa ke iya kashewa. Duk sabuwar fuskar da ta tsaya a gabanka, kafin ka miƙa tsinke sai ka tambaya. Wanda ya ji kunyar tambaya, ya bar sana'ar.

Wurin da na kafa murhu kuwa wani fili ne a East Greensboro, bayan wata tsohuwar ma'aikatar wankin motoci. Mai filin wata gwauruwa ce, Mis Geraldine, ba ta fashin coci kuma ba ta son a yi mata gardama. Ranar Lahadi a lokacin kakar ƙwallon Amurkawa, wannan da ake runguma da hannu ana ture juna, da an taso daga coci sai motoci su fara shigowa. Kowa ya biya ta a bakin ƙofa, ya juya akori-kurarsa, ya sauke ƙyauren baya, ya jera kujeru da kula. Wannan zaman ci da sha a bayan mota shi suke kira telget. Masu hali kan tafi birnin Charlotte su yi shi a gindin filin wasa. Marasa tikiti kuwa nan suke yi, da janareta da manyan talabijin biyu.

Talabijin biyu ne saboda filin a rabe yake. Garin nan ba shi da babbar ƙungiya tasa, kuma kafin a kafa ta jihar, tsofaffi sun riga sun zaɓi nasu tun zamanin iyayensu. Ta gabas masu tauraro ne, shuɗi da fari. Ta yamma masu ja. Kowane ɓangare yana kallon wasan ƙungiyarsa yana addu'ar a ci na ɗayan. Shugaban masu ja Mista Otis ne, tsohon direban bas. Na masu tauraro Mista Reggie, wanzami mai sanƙo. Tun suna yara suka san juna, kuma ban taɓa jin sun gaisa gaisuwar kirki ba.

"Reggie, ka zo da hankici? Yau akwai kuka."

"Tsoho, rabon mutanenka da kofi tun ina da gashi a ka."

"Ai baƙin cikin ƙungiyarka ne ya kwashe gashin."

A tsakiyar waɗannan mutane Mis Geraldine ta ba ni wuri, daidai kan layin da ya raba su. Ku gane, tsakiyar nan ita ce dukiyar. Mai sayarwa a gefe rabin fili yake ci, na tsakiya yana cin duka. Amma tana da dokokinta. Ba ka sa shuɗi, ba ka sa ja. Ina da wata jallabiya shuɗiya da nake so, shekaru ba ta ga ranar Lahadi ba. Ba ka tafawa, ba ka dariya idan an ci wani. Ka gasa rabin naman kafin a fara wasa, ka ajiye shi gefen da wuta ba ta da ƙarfi, domin da an tafi hutun rabin lokaci kowa zai taso a tare, kuma ba wanda zai jira ka. Ka riƙa kallon fuskoki, ba talabijin ba. Ɓangaren da ke kan gaba suna saye su saya wa wasu. Waɗanda ake ci ba sa jin yunwa sai can bayan an tashi, sannan su zo da fushi, kuma a lokacin ko gishiri ya ɗan yi yawa kai ne za ka biya bashin 'yan wasa.

Sai maganar alade. Jihar nan alade ne namansu na alfahari, kowace mota da nata. Wata Lahadi na zagaya bayan motata na yi La'asar, ina dawowa na tarar wani ya shimfiɗa haƙarƙarin alade a kan ragata, wai wutarsa ta mutu. Na zage shi da Hausa, zagin da bai dace da wanda ya idar da salla yanzu ba. Bawan Allah bai san ya yi laifi ba, tsaye yake yana ta ba ni haƙuri. Na cire ragar da naman a kai na miƙa masa, na ce ta zama tasa. Ragar ban yi da-na-sanin ta ba, zagin ne ya dame ni. Daga ranar nake yawo da raga biyu, kuma ba na barin wuta ba mai tsaro.

Duk wannan koyo ne. Abin da ya kusa raba ni da sana'ar hayaƙi ne.

Mai tsire ba shi da ɗan talla sai hayaƙinsa. Shi ke zagaya fili ya shiga hancin wanda ya ƙoshi ya sa shi jin yunwa. Don haka na san iskar filin nan fiye da kowa. Na san yadda take kwanciya da azahar, na san takan juya idan rana ta yi sanyi. Sau biyu a kaka ƙungiyoyin nan biyu suke haɗuwa da juna, ranar fili ba masaka tsinke. A irin wannan rana ce, ana gab da tashi, masu ja suna baya, iska ta juya ta kwashe hayaƙina ta lulluɓe su. Suna tari suna goge ido, sai ɗan wasansu ya cafe ƙwallo ya ruga da ita har ƙarshen fili. Mista Otis ya miƙe, hawayen hayaƙi na zuba, ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Hayaƙin Garba ne ya ci wannan." Aka yi dariya, ni ma na yi a cikina.

Mako na gaba hayaƙi ya yi gabas, masu tauraro suka ci nasu wasan. Shi ke nan. Ban taɓa ganin masu camfi irin masoya ƙwallo ba. Akwai wanda ba ya wanke safarsa muddin ana ci, akwai wadda ba ta zama sai a kujera ɗaya. To waɗannan ne suka sami hayaƙi. Idan wasa ya yi zafi sai ka ga rabin fili sun bar talabijin suna kallon murhuna. Ana turo yara da gudu, "Mista Garba, ka ɗora mana nama yanzu, yanzu." Mutum ya sayi tsiren da ba zai ci ba don kawai a ƙara hayaƙi. Ranar da hayaƙi ya je musu aka kuma ci su, sai su ce ya makara, ko bai yi kauri ba. Camfi ba ya rasa uzuri.

Ni kuma na biye musu, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, duk filin sun gani. Nakan ajiye guntayen kitse a gwangwani, idan na ga an zuba mini ido in jefa cikin garwashi, hayaƙi ya turnuƙe. Nakan karkata murfin durom, in ɗan kaɗa mafici. Idan an tambaye ni wa zai ci yau, sai in dubi sama in yi shiru kamar wanda ya san wani abu. Kaka biyu na yi a haka, na bar aikin sito, na canja mota.

Rannan nama ya kusa ƙare mini tun kafin hutun rabin lokaci, na kira Alhaji Bawa, ya ce zai kawo da kansa. Bai taɓa zuwa filin ba. Ya iso da kula a hannu, ya tsaya a bayana ban sani ba. A daidai lokacin wata mata ta miƙo rigar mijinta a kan murhu tana juya ta cikin hayaƙi, wani kuma ya ɗaga jaririnsa mai jar riga sama yana ratsa shi ta ciki, yaron yana tari. Na jefa kitse. Sai na ji murya a bayana.

"Garba, nawa ake biyan duba a nan?"

Na juya. Na ce, "Alhaji, sannu da zuwa. Ai wasa ne suke yi."

"Su wasa suke yi. Kai fa?"



Ya ajiye kular a gindin murhu, ya ce, "Wuƙa na koya maka, ban koya maka bokanci ba. Ga namanka." Ya tafi. Bai kai maganar masallaci ba, bai hana ni nama ba, bai sake tayar da ita ba.

Cikin makon na ɗauki durom na kai wa mai waldan nan. Na ce ina so a yi masa rumfa ta ƙarfe da bututu mai tsawo, wanda zai wuce kan kowace mota. Ya ce ai mai sayar da gashi ba ya ɓoye hayaƙinsa. Na ce ya yi dai. Ya walda shi ya zauna daram.

Na zaɓi ranar da ƙungiyoyin biyu za su haɗu da juna na kai shi, da gangan. Na hura wuta, na jera nama, hayaƙi ya bi bututu ya fita can sama, iska ta watsa shi a inda ba ya taɓa kowa. Da farko sun ɗauka sabon salo ne. Da aka fara wasa suka ga ba gabas ba yamma, sai fili ya fara guna-guni. Ban taɓa ganin Mista Otis da Mista Reggie sun jera kafaɗa ba sai ranar. Tare suka zo.

Mista Reggie ya ƙwanƙwasa bututun da makullin mota. "Mene ne wannan, ɗan'uwa? Masana'anta ka buɗe?"

"Bututu ne."

"Na ga bututu ne. Tsohon nan ne ya biya ka ka hana mu?"

Mista Otis ya ce, "Ni? Ni ma tambayar da na zo yi ke nan. Nawa mai sanƙon nan ya ba ka?"

Na ce, "Ba wanda ya ba ni komai. Hayaƙina ba ya cin ƙwallo, bai taɓa ci ba. Kitse nake jefawa, murfi nake karkatawa. Nama nake sayarwa, wanda yake so ga shi."

Mista Otis ya ce, "Ka ji mutum. Mu ka ɗauka ba mu ga gwangwanin kitsen ba? Mun gani. Yana aiki dai."

Ranar masu ja aka ci, suka ce na cuce su. Masu tauraro kuma ɗan wasansu ya karye, suka ce ni ne. Da aka watse Mis Geraldine ta zo da hular cocinta a kai, ta zagaya murhun tana kallon bututu daga ƙasa har sama.

Ta ce, "Mista Garba, ni ma na san iska ba ta buga ƙwallo. Amma mutanen nan mako guda suke yi ana ba su umarni a wurin aiki. Ka bar musu abin dariyarsu."

"Da dariya ce, Mis Geraldine. Yanzu jarirai ake kawo mini."

"Sai ka hana jarirai, ka bar manya."

"Addinina bai yarda in tsaya mutane suna neman sa'a a wutata ba."

"Kaka biyu addinin naka yana ina?"

Wannan ta same ni, kuma gaskiya ta faɗa. Na ce, "Yana nan, ni ne ba na nan."

Ta ce, "To filin nawa ne. Mako mai zuwa ko ka zo babu wannan abin, ko kada ka zo."

Na ce, "Filin naki ne. Wutar tawa ce."

Haka na bar tsakiya. A tsallaken titi akwai shagon wani Bakano mai gyaran taya, ba ya buɗewa ranar Lahadi, ya bar ni na kafa a ƙofarsa. Sai da na sake bin layin takardar izini. Kakar da ta biyo baya ita ce muguwar shekarata. Masana'antu suna sallamar mutane, fetur ya yi tsada, wanda ke sayen tsinke da yawa ya koma sayen ɗaya. Azumi kuma ya faɗo a farkon kakar, ana sauran zafi, ina tsaye a gaban garwashi tun hantsi, ba halin in ɗanɗana gishirin abin da nake sayarwa. Ga fili cike da mutane ina hango su, ba mai tsallakowa. Naman da ya kwantai masallaci nake kai shi a yi buɗa-baki, har aka fara yi mini ba'a wai Allah ya ƙara wa kasuwar Garba sanyi. Na koma sito na roƙi aikin da na bari, suka ba ni na kwana uku a mako.

Bututun kansa ya zame mini sabon malami. Ashe dogon bututu zuƙar iska yake yi. Wutar da na saba da ita shekaru ta zama wata daban, tana cin gawayi kamar ana binta bashi, tana ƙona bayan nama ciki ɗanye. Na zubar da nama ba kaɗan ba kafin na gane. Na yanka faifan ƙarfe na sa a wuyan bututun da ɗan hannu, in buɗe in rufe, har na koyi jin wutar da kunne. Idan tana huci, ka rage mata. Idan ta yi shiru, ka ba ta. Wannan ba wanda ya koya mini, kuma babu shi a cikin wayoyinku.

Mata ne suka fara tsallakowa. Wata mai suna Mis Yvonne ta zo da ƙawarta, ta ce, "Kada ka gaya wa mijina. Ni dama hayaƙin nan naka ya ishe ni, duk Litinin sai na sake wanke gashi." Suka saya, suka ɓoye a jaka. Mako na gaba suka zo su da yawa. Mazan suna cin tsiren daga hannun matansu suna yi kamar ba su san inda ya fito ba.

A can tsakiya kuwa an kawo wani mai murhun gas, irin wanda kuke nuna mini. Wuta shuɗiya, tsaf, ba hayaƙi ko na magani. Da masu tauraro suka ga haka sai suka kawo durom nasu, suka cika shi da ɗanyen itace, suka kafa fanka tana huro musu. Masu ja suka kawo wanda ya fi shi, da fanka biyu. Ina tsallaken titi ina kallo fili ya koma kamar an sa wa daji wuta, ba mai ganin talabijin, tsofaffi suna tari, har maƙwabta suka kira masu kashe gobara. Aka gargaɗi Mis Geraldine, ta hana masu kallo kunna komai.

Bayan wannan ne ta tsallako da kanta, ranar da ƙungiyoyin za su sake haɗuwa da juna, tun kafin motoci su cika. Ta ce in ba ta tsinke biyu. Ta ci ɗaya a tsaye.

Ta ce, "Wancan mai gas ɗin namansa kamar kwali. Ka dawo wurinka."

"Da bututuna?"

"Da bututunka. Amma ranar da suke wasa da juna ka cire shi. Sau biyu kacal a kaka, Mista Garba. Sauran ranakun ka kai shi har gajimare in ka so."

Ku sani, a lokacin ina bukatar tsakiyar nan. Ina da iyali a nan, ina da na gida masu jiran saƙo. Na dubi filin, na ga wurina, har baƙin tabon gawayina yana nan a ƙasa. Na ce, "Mis Geraldine, wanda ya sha giya sau biyu a shekara, a cocinku me ake kiransa?"

Ta ce, "Dikon," wato dattijon coci. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sannan ta goge baki ta ce, "Kai dai taurin kai ne da kai. Ba zan sake tambaya ba."

Ba ta sake ba, ni ma ban sake taka tsakiyar filin da murhu ba. A ƙofar mai taya na ƙarasa shekaruna a sana'ar. Ban sami abin da nake samu da ba, ban kuma rufe ba. Don haka idan kun ce mini nama ne da wuta, sai in ce ku je ku gwada. Wuƙa za ku iya koya, yaji za ku iya saya yanzu a kanti. Amma ranar da kasuwa za ta ce ku sayar da abin da ba nama ba, kuma ta biya ku fiye da kuɗin nama, ranar za a san ko kun iya.

A wannan ranar dai da Mis Geraldine ta zo, da aka tafi hutun rabin lokaci, na hango Mista Otis ya fito daga ƙofar fili yana dogara sanda, da jar rigarsa da jar hula. Shi kaɗai ne cikin manyansu bai taɓa tsallakowa ba, ko daga hannun matarsa ba ya karɓa. An riga an yi wa ƙungiyarsa cin kaca. Ya tsallako a hankali, ya tsaya a gaban murhu bai gaishe ni ba.

"Ba ni uku. Masu kitse."

Na ɗora su gefen wuta mai ƙarfi. Ya waiga dama da hagu, ya matso, ya rage murya.

"Garba, ba kowa a nan sai ni da kai. Ka ɗan karkata abin nan wajenmu. Kaɗan kawai. Ba wanda zai sani."

"A walde yake, Mista Otis."

"Ai kana da ɗan hannun nan da kake buɗewa."

"Na wuta ne. Ba ya kaiwa tsallaken titi."

Daga can cikin fili Mista Reggie ya hango shi, ya sa hannu a baki ya kira, "Tsoho, ko shi ma ya ce ba ya iya ta da matacce?"

Mista Otis bai juya ba. Ya ɗaga kai yana kallon hayaƙin yadda yake fita daga bakin bututu yana bajewa a sama. Ya daɗe a haka. Na naɗe masa tsirensa a takarda.

Na ce, "Abin da ke hannuna albasa ce. In ƙara?"

Ya ce, "Ƙara."

Na ƙara masa har ta zubo. Ya karɓi ƙunshinsa, ya jira motoci suka wuce, ya tsallaka ya koma kujerarsa a ci gaba da cin ƙungiyarsa.